Wata takwas da Trello a wajen aikinmu, ga abin da na gani

Wata takwas kenan da na ɗora yarana a kan Trello, mu bakwai ne har da ni, aikin kujeru da gadaje da kabad muke yi, kafintoci uku, mai fenti ɗaya, mai ɗinkin kushin ɗaya sai yarinyar da ke karɓar oda tana magana da kwastomomi. Da can komai a guruf muke zubawa, awon kabad, hoton kalar da kwastoma ya zaɓa, gaisuwa, saƙon murya na minti huɗu, duk wuri guda. Ranar da aka yanka katakon kabad da tsohon awo alhali matar ta turo sabo tun kwana biyu ya nutse a ƙarƙashin surutunmu, ranar na ce a'a wallahi ya isa haka.

Shi Trello allo ne kawai a cikin waya ko kwamfuta. Ka ja layuka, kowane aiki ka yi masa kati, kana jan katin daga wannan layi zuwa na gaba yadda aikin ke tafiya. Dabarar ma ba tasu ba ce tun asali, kanban ake ce mata, a masana'antar Toyota ta Japan aka raine ta, wani injiniyansu Taiichi Ohno shi ne ya yi suna a kai, su da katin takarda na gaske suke yi. Manhajar kuwa kamfanin Fog Creek na Amurka ne ya fito da ita a 2011, Atlassian na Ostireliya suka saye ta a 2017 kan dala miliyan 425, kuɗi kam ba na wasa ba a kan allo da kati.

Layi biyar na yi mana: sabon oda, ana yanka, fenti da kushin, ana jiran oga, an kai. A cikin kati za ka sa hoto, ka rubuta awo, ka sa ranar alkawari, ka liƙa sunan wanda aikin ke hannunsa. In saura kwana ɗaya ranar sai ta koma ruwan ɗorawa, in ta wuce ta yi ja, kuma duk wanda ya taɓa kati sunansa na nan a rubuce da lokacin da ya taɓa, don haka maganar "ai ni ba a gaya min ba" ta mutu murus a sati na biyu.

Toh ga inda abin ya juyo kaina. Ni fa na kawo manhajar ne don in kama masu jan ƙafa, a raina har na riga na san su waye. Wata ɗaya da farawa na buɗe allon da safe sai na ga layin yanka kati biyu, layin fenti uku, layin ana jiran oga kati goma sha ɗaya. Sha ɗaya fa! Wannan yana jiran in ce eh a kan kala, wancan in sa hannu a sayo soso, wani gado an gama shi tas kwana shida yana shan ƙura don kawai ban zo na duba na ce a kai ba. Kuma allon kowa na gani, ba wanda ya ce min uffan amma na san sun gani. Babban kafintan, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ne ya daure ya ce "oga ai mun daɗe da sani, faɗa ne ba wanda zai iya". Na ji kunya sosai, ashe duk faɗan da nake yi kullum na aiki ba ya sauri, ni ne na tsaya a bakin ƙofa.

Abin da na yi, na ba shi ikon duba aiki ya sallama ba sai na gani ba, yarinyar oda kuma ita ke tsayar da kala da kwastoma, ƙananan sayayya su yi su ɗauki hoton rasit su sa a kati. Akwai wani ƙari da ake kunnawa, List Limits, ka ce layi kaza kar ya wuce kati kaza, in ya wuce sai layin ya canza kala. A kan layina na fara sa shi, uku. Sannan kullum da safe minti goma a tsaye, mu duba allon tare, kowa ya faɗi abin da ya tare shi, shi kenan a watse. Wanda katinsa ya yi ja ba na masa magana a gaban mutane, sai mun keɓe, don na lura in ka mai da allon bulala gobe kowa zai fara jan kati zuwa "an kai" aikin bai ƙare ba.

Inda Trello bai cika ba kuwa, babu Hausa a cikin harsunansa, kuma ba don saƙon murya aka yi shi ba, wanda rubutu ke ba wuya zai ɗan sha fama, mai fentinmu hoto kawai yake sawa ya ja kati kuma hakan ya wadatar. Na kyauta allo 10 yake bayarwa da mutum 10, fayil kuma kar ya wuce MB 10, bidiyo mai tsawo ba zai shiga ba. Mu dai allo biyu muke amfani da su. Ba ya lissafin albashi ko ribar kaya, wannan sai ka nemi wani abin daban. A waya ko babu intanet za ka iya gyara kati, in netwok ya dawo ya haɗe da kansa, wannan ya burge ni.

In ku biyu ne ko uku kuna ganin juna duk yini, gaskiya farin allo a bango da alƙalamin maka ya ishe ku. Daga mutum biyar zuwa sama ina ba Trello tauraro huɗu cikin biyar. Yanzu da nake rubutun nan na leƙa, kati biyu ne a layina, ɗaya tun shekaranjiya yake, teburin cin abinci ne ana jiran in kira mai shi mu daidaita maganar ƙafafu, bari in je in kira shi kafin ranar ta yi ja.