Jan ruwan inabin Faransa: wanne zai tafi da abin da ke tukunya?

In an ce ka sayo jan ruwan inabin Faransa, wato giyar inabi, don baƙi, ko kana aiki a otal baƙo ya tambaye ka wanne zai sha da abincinsa, toh kar ka fara da duba kuɗin kwalba, fara da leƙa tukunya. Faransawa dai yawanci sunan yanki suke rubutawa a jikin kwalba ba sunan nau'in inabin ba, shi ya sa mutum ke tsayawa gaban kanta yana ta raba ido.

Bordeaux shi kowa ya sani, kwalbarsa mai kafaɗa. Na ɓangaren Médoc yawanci inabin Cabernet Sauvignon ne ya fi yawa a ciki, yana da bauri sosai, irin yadda goro ke kama maka harshe, kuma baurin nan kitse yake nema. Gasasshen naman rago ko na sa mai maiƙo, nan ne gidansa, su can ma ragon Pauillac, wani gari a Médoc, suke haɗa shi da shi. Amma ka ba mutum shi da kifi ko miya mai yaji ka ga yadda zai yamutse fuska, don bauri da barkono ba sa shiri ko kaɗan, kowanne ƙara wa ɗan uwansa zafi yake yi. In dole sai Bordeaux ɗin toh ɗauki Saint-Émilion, Merlot ya fi yawa a ciki, ya fi laushi.

Bourgogne kuwa Pinot Noir ne, ba nauyi, yana tafiya da kaza, agwagwa, da naman da ya daɗe kan wuta kamar boeuf bourguignon ɗinsu. Matsalarsa kuɗi. Mai arha sau da yawa salam yake, mai kyau kuma aljihu zai ji a jikinsa.

Ni fa a ganina Beaujolais ne aka raina a banza. Inabin Gamay ne, baurinsa kaɗan, ana ɗan sanyaya shi kamar digiri 13 haka, kuma shi ne wanda in an kawo tsire ko balangu da yajin ƙuli ba zai yi faɗa da su ba. Sai dai ka bambance, akwai Beaujolais Nouveau da ke fitowa Alhamis ta 3 a watan Nuwamba, wannan na sha yanzu ne ba na ajiya ba, in ka ga na shekarun baya yana shan ƙura a kanta wuce abinka, nemi Morgon ko Fleurie ko Brouilly, su ma Beaujolais ne.

Côtes du Rhône shi ne na tsakiya, Grenache da Syrah, farashi da sauƙi, gashin gawayi yana karɓarsa. Duba lambar ƙarfin sinadarin mayensa kawai, na kudu irin su Châteauneuf-du-Pape suna kai 14 zuwa 15 cikin ɗari, da abinci mai barkono da yawa baki wuta zai kama.

Wanda ba ya shan giya kuma ya lura, in an rubuta désalcoolisé giya ce aka cire wa sinadarin maye, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda ya rage har 0.5 cikin ɗari. In ba ka son ko ɗigo toh jus de raisin za ka ɗauko, wannan matsattsen inabi ne kawai.