Taya 225 da aka ja, ko 255 mai cika rim: wacce ta dace da rim mai inci 9.5?

Ɗan'uwa, ka ce kana da Toyota GT86 wadda ka saukar da ita ƙasa, ka sayo rim 18x9.5 (tsayi inci 18, faɗi inci 9.5) mai ofset ET38, wato tazarar milimita 38 tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ake ɗaure shi a jikin mota. Yanzu kana waswasi tsakanin taya 225/40R18 da za a ja ta har ta kai bakin rim, da 255/35R18 wadda za ta cika shi (lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin bangonta a kashi cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman rim a inci). Ka kuma tambayi iskar da kowacce take so. To, bari mu jera su mu gani.

Rim ɗin ne ya jawo maganar, don haka da shi za mu fara. Motar ta fito daga kamfani da rim 17x7 ET48 da taya 215/45R17. Naka ya fi wancan faɗi da inci 2.5, kusan milimita 64 ke nan, rabi ya yi waje rabi ya yi ciki. Ofset kuma ya ragu da milimita 10, wanda ke ƙara turo rim waje. In ka yi lissafi, leɓen waje ya fito da kusan milimita 42, na ciki kuma ya matso kusa da shokazoba da kusan 22. Madigadi ya sauko, rim ya fito, sai su haɗu a wuri ɗaya. Abin da ya rage shi ne wace taya za ta shiga tsakaninsu ba tare da ta gogi ƙarfe ba.

A wajen tsayi kusan kunnen doki suka yi. Bangon 225/40 milimita 90 ne, na 255/35 kuwa 89 da ɗoriya, tsayin tayar gaba ɗaya 637 da 636. Bambancin yana kafaɗa. Tsakanin leɓɓan rim mai inci 9.5 akwai milimita 241, ka ga taya 225 ba ta ma kai faɗin rim ɗin ba. Dole bangonta ya karkata daga rim ya yi ciki, kamar ƙaramar safa a babbar ƙafa, kuma wannan karkatar ce ke ba kafaɗarta damar zamewa ƙarƙashin madigadi idan mota ta dunƙusa. Ita 255 bangonta a tsaye yake, kafaɗarta na nan daidai inda bakin madigadi zai sauko. Da ita sai ka karkatar da saman tayoyin ya yi ciki, abin da ake kira kamba, wajen digiri 2 zuwa 3, wataƙila ma a naɗe bakin madigadin baya. A nan kam 225 ta yi nasara, babu musu.

Amma masu ƙera taya sun riga sun yanke iyaka. A ma'aunin ETRTO na Turai, 225/40R18 an yarje mata rim daga inci 7.5 zuwa 9, ita kuma 255/35R18 daga 8.5 zuwa 10. Ta farko ta tsallake iyaka da rabin inci, ta biyu tana gidanta. Rabin inci ba abin tayar da hankali ba ne in aka kwatanta da masu ɗora 205 a irin wannan rim, amma a sani cewa kamfanin taya ya zare hannunsa daga duk abin da ya faru. A Jamus ma masu duba lafiyar mota na TÜV kan nemi takardar amincewar kamfanin taya kafin su yarda da haɗin da ya fita daga ma'auni.

A kan titi, wadda aka ja tana amsa sitiyari da sauri, saboda bangonta a ɗame yake, ba ya lanƙwasa kafin mota ta juya. Wannan ne ke ruɗar mutane su ɗauka riƙo ya ƙaru. Bai ƙaru ba, robar da ke ƙasa ta fi ta 255 ƙaranci, a kwana da wajen taka birki za ka ji. Sannan leɓen rim a tsirara yake: ka goga dakalin gefen titi, ƙarfe ne zai fara taɓawa. Ita ma 255 ba ta rasa nata aibin ba. Ta fi nauyi, tana bin kwarin titi tana fizgar sitiyari, kuma a motar da ƙarfinta bai wuce doki 200 ba tana kashe wannan wasan wutsiya, wato zamewar bayan mota a kwana, da aka san GT86 da shi. Wasu don wannan wasan suka sayi motar, sai su wayi gari sun ɗaure ta da faffaɗar taya.

Yanzu maganar iska, inda na fi so ka tsaya.

Ga 255/35 abin da sauƙi. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta ce psi 35 a ma'aunin iska, wato 2.4 a ma'aunin bar. Fara da wannan, ka ƙara ko ka rage ɗaya ko biyu gwargwadon yadda zanen ke cinyewa.

Ga 225 da aka ja, iska tana aiki biyu: tana ɗaukar nauyin mota, tana kuma danne bakin taya a mazauninsa, alhali bangon kullum yana jan bakin ya koma ciki. Idan iska ta yi ƙasa ka shiga kwana da gudu, ko ka faɗa rami, bakin na iya tsallake ɗan tudun da ke cikin rim, iskar ta fice gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa masu wannan salo kan zauna tsakanin psi 38 zuwa 42, kuma ban yarda a sauka ƙasa da 35 ba ko da wasa. In za ka je filin tsere, kar ka kwaikwayi masu rage iska don neman riƙo, nasu tayoyin sun cika rim.

Sai dai kar ka ɗauka iska magani ce. Lambar da ke jikin taya, 50 ko 51 a yawancinsu, iyaka ce, ba shawara ba. Yawan iska yana kumbura tsakiyar zane, ƙasan da take takawa ya ƙara raguwa, ga kamba na cin gefen ciki, ga motar da dama an taurara mata sifirin, kowane tsakuwa sai ka ji shi a ƙugu. Ka kuma nemi mai alamar XL. Ita 225/40R18 mai lamba 92 tana ɗaukar kilo 630, amma sai a psi 42 take kai wannan, ta gama-gari mai lamba 88 kuwa kilo 560 ce a psi 36. Wadda aka gina don yawan iska ita ta fi dacewa da wannan aiki.

Auna da safe kafin ka motsa, ko bayan mota ta huta awa uku. Tafiya kan ƙara psi 3 zuwa 5, kuma duk sauyin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana motsa geji da kusan psi 1. Mai 255 zai iya dubawa sau ɗaya a wata, mai 225 ya duba kowane mako, domin tayar da aka ja ba ta nuna alamar saki a ido. Bango a ɗame yake, ko ta sace da psi 10 haka za ka gan ta ƙyam. Bayan an ɗaura, ka kwantar da rim a ƙasa ka zuba ruwan sabulu zagaye da leɓe. In ka ga ƙananan kumfa na taruwa a wuri ɗaya suna fashewa, bakin bai zauna ba, a sake. Kuma in mai faci ya ɗauko fetur da ashana wai zai buga ta ta hau, ka karɓe rim ɗinka. Akwai tankin iska da aka yi don wannan aiki, kuma ƙa'ida ita ce kar a wuce psi 40 wajen zaunar da baki.

Da ni ne, ga motar hawa ta kullum ba zan ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun ba. Akwai 245/35R18, wadda iyakarta inci 8 zuwa 9.5 ce, ka ga rim ɗinka na ciki, a ƙarshen layi. Bangonta zai ɗan karkata ya ba ka wannan kyan da kake nema, tsayinta milimita 629 ya fi kusa da 625 na asali, don haka agogon gudu ba zai yi maka ƙarya sosai ba. Ka ba ta psi 36 zuwa 38. Kafin ka fita da ita, manna farin tef a cikin bakin madigadi, ka ɗauki mutum biyu a baya ka zaga, ka dawo ka duba inda baƙin roba ya shafa. Daga nan sai wurin saiti, a daidaita fuskantar tayoyin, don saukar da mota kan karkatar da ita, kuma ita ce ta fi kamba saurin cinye gefen ciki.