Kwamfuta mai sanyi da ruwa a zafin Kano: aiki ya yi, amma an cuce ni a lagireto

Aikina zanen gine-gine ne, da manhajojin zane na Lumion da Blender nake cin abinci. Tsohuwar kwamfutata in na ɗora mata aiki mai nauyi a watan Afrilu sai fankokinta su yi ta kururuwa, daga baya ta ɗauke. Shi ya sa na rufe ido na ce a haɗa mini sabuwa mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 9 7950X da katin hoto RTX 4090, kuma a yi mini ta ruwa cikakkiya, wato ruwa ne zai riƙa zagayawa ta bututu yana kwashe zafi, ba irin mai zuwa a rufe daga kamfani ba: famfon D5, tanki, lagireto biyu masu fanka uku-uku, faranti ɗaya a kan furosesa, ɗaya a kan katin hoto. Kuɗi ba sai na faɗa ba. Duk wanda ya taɓa tambayar farashin 4090 a garin nan ya san abin da ake ciki. Wani shago a wajen Beirut Road na ba aikin, domin abokai biyu sun yaba mini hannun mai shagon.

Gaskiya da farko na ji daɗi ƙwarai. Katin nan shi kaɗai yana jan wat 450, furosesa kuma in aka matsa masa yana kaiwa 230, amma sai ka kasa kunne kafin ka ji motsin fanka. Katin da a iska yake haura digiri 70 sai ga shi yana zaune a hamsin da wani abu, alhali a waje rana tana neman 40. Furosesan yakan hau sama sosai, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne, haka kamfanin AMD suka gina shi, ya yi ta ƙara gudu har ya kusanci 95. Aikin da da nake bari ya kwana, yanzu kafin in dawo daga sallar Isha'i ya kammala. Har hoto na ɗauka na tura wa mutane, ina ce musu ga inda za su kai aikinsu. Wannan tallar da na yi masa ita ta fi ci mini rai yanzu.

Ba a rufa wata huɗu ba ruwan cikin tanki ya fara dishi-dishi, kamar an wanke shinkafa a ciki. Sannan zafin kati ya fara hawa a hankali, yau ƙarin digiri biyu, wani mako ƙarin uku, har ya fi na iska muni. Famfo ma sautinsa ya canja. Na leƙa ta gilashin farantin katin, sai na ga 'yan siraran layukan nan da ruwa ke ratsawa sun toshe da wani farin abu mai yauƙi, gefensa yana ɗan kore.

Na ɗauke ta a mota na kai shagon. Mai shagon ya duba sama-sama ya ce, "Yallaɓai, ai ƙurar Kano ce, ka san hunturun bana." Na ce, "Alhaji, ƙura ta ina? Ruwan nan a rufe yake zagayawa. Ƙura tana toshe lagireto ta waje, inda iska ke bi, kuma nan ina hure shi duk mako. Yaya za a yi ta shiga cikin bututu?" Sai ya koma cewa wai wutar gidana ce ba ta da kyau. Kwamfutar da ke kan inbata tun ranar da ta shigo gida!

Yaron shagon ne, wani matashi mai natsuwa, ya kwance lagireton sama ya miƙo mini. Ya ce, "Oga, ɗaga wannan, ka ɗaga na gaban." Na gaban yana da nauyi, na saman kuwa sakayau. Ya ɗan kankare cikin bakin da ake ɗaura bututu, sai ga fari fat. Alminiyom ne. A takardar da aka rubuta mini, duka biyun jan ƙarfe aka ce, kuma kuɗin jan ƙarfe na biya. An shafe su da baƙin fenti iri ɗaya, ta waje ba mai bambance su.

Ga wanda bai san abin ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. In jan ƙarfe da alminiyom suka haɗu a ruwa ɗaya, wata 'yar wuta marar ƙarfi takan riƙa gudana tsakaninsu, alminiyom ɗin ya riƙa zagwanyewa. Garin da yake zubarwa shi ne yake bin ruwa ya je ya maƙale a siraran layukan faranti, inda hanya ta fi ƙunci. In aka bar shi ya daɗe, lagireton kansa hujewa yake yi, ruwa ya sauko kan kayan da ke ƙasa, kuma abin da ke ƙasa da lagireton sama shi ne madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kai, da katin da ya fi komai tsada a cikin akwatin. Alhaji ya ce ai masu zuwa a rufe ma haka suke, farantin jan ƙarfe da lagireton alminiyom. Haka ne, amma su ruwansu haɗe yake da sinadarin hana cin ƙarfe, irin dabarar ruwan lagireton mota. Nawa fa? Da na matsa da tambaya, sai ta fito cewa da ruwan kwalba na musamman da na saya don wannan aikin ya gaza cika lagireto biyu, da fiyo wata aka ƙarasa. Ruwan leda, a cikin kayan da na yi tanadi mai tsawo kafin na saya. Gishirin da ke cikin irin wannan ruwa shi yake ƙara wa cin ƙarfen sauri, kuma ba abin da zai hana gansakuka fitowa a ruwa mai ɗumi. Nan ne koren ya samo asali.

Yaron nan dai Allah ya yi masa albarka. Shi ya biyo ni gida bayan an tashi daga kasuwa, ya zauna ya kwance faranti biyun, ya wanke layukan da buroshin haƙori mai laushi da tataccen ruwa. Ya hana ni kusantar da sifirit wajen gilashin robar, ya ce tsattsaga shi yake yi. Ya canja robobin zobe, ya wanke famfo da tanki, muka sa sabon lagireto na jan ƙarfe wanda na sayo da kaina. Da ya cika ruwa bai kunna kwamfutar ba, famfo kaɗai ya ba wuta, ya shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowace mahaɗa, ya ce kada in taɓa sai ta yi awa 24. A shago ba a yi mata wannan gwajin ba, rana ɗaya aka cika aka ce in zo in ɗauka. Da zan sallame shi sai da na yi da gaske kafin ya karɓa.

Yanzu ta koma yadda take, har ta ɗan fi. Don haka ba zan ce kada a yi ta ruwa a Kano ba, ni dai da za a sake zan sake. Sai dai mai sha'awa ya sani ruwa ba ya sanyaya komai ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki, kwashe zafin kawai yake yi ya zuba maka a ɗaki. Wajen wat 700 a ƙaramin ofis da rana a watan Afrilu, in ba esi, kai ne za ka fara gudu kafin kwamfutar. Batiran inbata ma suna ji a jikinsu, in wuta ta ɗauke da daddare ba na barin aiki mai nauyi ya kwana.

Amma shagon, a'a. Duk lokacin da na kalli farantin katin sai raina ya sake ɓaci, domin farin shafen da ke kansa ya ci, tabon ya zauna, ba wankin da zai fitar da shi, kuma ranar da zan sayar dole a rage mini kuɗi a kansa. Waɗanda na tura wa hoto na bi su ɗaya bayan ɗaya na janye maganata, ɗaya har ya riga ya ba da kafin alƙalami, sai da na raka shi ya karɓo. Bambancin kuɗin lagireton kuwa har yau ina bin Alhaji. Da farko ya ce daga Legas aka turo masa a haka, shi ma bai sani ba. Na ce to fiyo watan ma daga Legas aka turo? Tun daga nan in na kira sai a ce ya fita, in dawo ranar Asabar.