Sonos Beam ta biyu: tambarin Dolby Atmos da abin da kunne ke ji

Sonos Beam ta biyu, wadda ta shigo kasuwa a 2021 a kan dala 449, doguwar lasifika ce mai tsawon santimita 65 da ake ajiyewa a ƙasan talabijin, kuma an fi tallata ta da Dolby Atmos, tsarin da ke sa mai kallo ya ji sauti daga gefe, daga baya, har da sama.

Sai dai Atmos ɗin da ke isowa gida iri biyu ne. Wanda Netflix ke aikowa ta intanet yana zuwa ne a cikin Dolby Digital Plus, inda ake matse sauti ta hanyar zubar da sassan da kunne ba ya lura da rashinsu, kamar ƙaramar ƙara da babba ta danne a lokaci guda, kuma iyakarsa kilobit 768 a daƙiƙa. Na faifan Blu-ray kuwa yana cikin Dolby TrueHD, wanda ba ya zubar da komai, yana iya kaiwa megabit 18 (wato kilobit 18,000) a daƙiƙa, amma sai talabijin mai kafar eARC, wato kafar HDMI mai iya fitar da sauti mai nauyi irin wannan, ce ke iya miƙa shi ga lasifikar.

A ganina wannan tazara, duk girmanta a lissafi, ba ta kai a sauya talabijin dominta ba, domin ƙananan lasifikoki biyar ne a cikin Beam, babu ko ɗaya da ke fuskantar sama, sautin saman kuma dabarar kwamfuta ce ke kwaikwayonsa. Abin da matsewa ta zubar bai kai abin da ƙanƙantar na'urar ta hana ji ba. Ruwan sama da rugugin jirgi suna buɗewa sosai zuwa dama da hagu, amma da wuya mutum ya ji su a bisa kansa, musamman a falo mai faɗi.

Inda ta yi fice shi ne muryar 'yan wasa, wadda ke fitowa tangaram ko da kiɗa ya yi yawa. Kafar HDMI ɗaya ce kawai, babu Bluetooth, kuma tana karɓar DTS na asali, tsarin sautin da ke gogayya da Dolby, amma ba ta karɓar DTS:X, takwaran Atmos a wannan tsarin. Mai tarin faifan Blu-ray gara ya nemi lasifikoki na ainihi a bayan kujera; wanda kallonsa ya tsaya a intanet kuwa, Beam ta wadatar da shi a ɗaki matsakaici.