Yaya, ga abin da na tarar game da maganin ƙoda a Jamus

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Allah Ya ba Kawu sauƙi. Na saurari saƙonka har sau uku kafin na zauna rubutu. Ka ce ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa takan haye da safe, fitsarinsa na kumfa, an jiƙa masa sassaƙe iri biyu ba a ga canji ba, don haka in sayo masa maganin ƙoda na ganye irin na Turawa in aiko. Ba kai ne na farko ba. Tun zuwana Hambug mutum huɗu ko biyar suka yi mini irin wannan saƙo, shi ya sa na ce gara in rubuta a buɗe kowa ya karanta.

Kafin in zo ƙasar nan na ɗauka ƙwaya da allura kaɗai suka sani. Ashe Jamusawa mashaya ganye ne na gaske. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, kusan kowace tsohuwa tana da shayin da ta yarda da shi tun tana yarinya. In ka shiga kantin magani, wanda suke kira Apotheke, za ka ga kanta guda ta ganyayyaki: na tari, na barci, na kumburin ciki, sai kuma wanda aka rubuta wa shayin mafitsara da ƙoda. A cikinsa yawanci akwai ganyen bishiyar da suke kira Birke, da wata ciyawa mai furen rawaya da ake kira Goldrute, da Brennnessel, wani ganye mai ƙaiƙayi da ke tsirowa ko'ina a bakin hanya. Ba shi da tsada, 'yan yuro kaɗan ne. To amma tsaya ka ji yadda ake sayar da shi.

Hunturuna na farko a nan na kamu da sanyin mara. Fitsari da zafi, kowane lokaci ina hanyar bayi, in je kuma ɗan kaɗan ne zai fito. Na shiga Apotheke da 'yar Jamusancina na nuna wa matar da ke wurin kwalin shayin. Ta ɗauko, ta ɗora hannunta a kai, ba ta miƙo mini ba. Ta ce tun yaushe? Akwai zazzaɓi? Bayanki na ciwo, nan wajen kwiɓi? Kin ga jini a fitsarin? Kina da juna biyu? Ina ta cewa a'a. Sai ta juya kwalin ta sa yatsa a kan wani layi ta karanta mini a hankali, ta ce in yi ta shan ruwa, wajen lita 2 a yini, in kuma aka kwana uku zuwa huɗu babu sauƙi, ko jikina ya yi zafi, in ajiye shayin in tafi wajen likita, ko dare ne in kira lambar likitocin da ke bakin aiki, 116117. Ciniki ne da bai kai ya kawo ba, amma ta tsaya a kaina minti biyar.

Layin da ta karanta mini shi ne dalilin wannan wasiƙa. An rubuta cewa wanda jikinsa ya kumbura saboda raunin zuciya ko raunin ƙoda kada ya sha. Yaya, ka ji fa. Shayin da sunansa na ƙoda, shi da kansa yana cewa mai ciwon ƙoda irin wanda ake zargin Kawu na da shi ya nisance shi. Aikinsa ɗaya ne: ya ƙara yawan fitsari don a ɗauraye hanya, ƙwayoyin cuta da 'yan tsakuwoyi masu kamar rairayi su samu fita. Ƙodar da take da lafiya ce ke iya wannan aiki. Wadda ta gaji, in ka ɗura mata ruwa, ruwan ba ya fita, a ƙafa da huhu yake taruwa.

Kowane ganye a nan haka yake zuwa da iyakarsa a rubuce. Akwai wani da ake kira Bärentraube da mata ke sha idan sanyin mara ya fara. An ce kada a wuce mako guda ana shansa, kada a maimaita fiye da sau 5 a shekara, mai ciki da mai shayarwa kuma su bar shi. Akwai ƙwayar Canephron, wadda ganye uku ne aka haɗa, likitoci ma sukan rubuta ta. An gwada ta a kan mata sama da 600 aka kwatanta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka fitar da sakamakon a 2018: mafi yawansu sun warke ba tare da buƙatar wani magani ba, amma waɗanda cutar ta haura musu zuwa ƙoda sun ɗan fi yawa a cikin masu shan na ganyen. Ba a ɓoye wannan ba.

Tsarin ya daɗe. Tun 1978 gwamnati ta kafa wani kwamiti, Kommission E, na likitoci da masana magunguna, suka bi ganyayyaki da saiwoyi ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta bayani kusan 380: wannan yana aiki a kan kaza, wannan babu hujja, wannan yana da haɗari. Daga baya, a 2004, Tarayyar Turai ta yi dokar cewa kafin a yi wa magani rajista da sunan na gargajiya, sai an nuna an shekara 30 ana amfani da shi, 15 daga ciki a Turai. Hukumar magunguna da ke Bonn ce ke sa ido. Doka ta hana mai talla ya yi alkawarin tabbas za a warke. A gida kuwa, mai lasifika zai lissafo maka ƙoda da hanta da basir da sanyi da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, babu sunan abin da ke ciki, babu ranar da aka haɗa, babu ranar lalacewa. Abin yana ci mini rai, domin marar lafiya da ya rasa kuɗin asibiti shi ne ke tsayawa ya saurara.

Su ma da wuya suka koya. Tsakanin 1990 da 1992, a babban birnin Beljiyam, wani wurin rage ƙiba ya riƙa ba mata wani haɗi mai ɗauke da saiwoyin ƙasar Sin. An yi kuskure wajen kawo kaya, aka musanya saiwa ɗaya da wata mai suna Aristolochia. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko jiran dashe. Da aka yi wa 39 daga cikinsu aiki, an samu 18 da cutar daji a hanyar fitsari. Mata ne lafiyayyu, ba abin da ya kai su sai son rage jiki. Jamus ta riga ta hana magungunan da ke da gubar wannan tsiro tun 1981.

Da na karanta labarin sai na nemi hoton tsiron, gabana ya faɗi. Dangin duman dutse ne, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, saiwar nan mai ɗaci da ake sha don ciwon ciki. Gida ɗaya suke da waccan. Gubar ba ta kayar da mutum a ranar da ya sha, a hankali take cin ƙoda, sai bayan watanni ko shekaru a ce wane ya kamu, ba wanda zai tuna da saiwar. Don Allah ka tambayi wanda ya haɗa wa Kawu sassaƙen nan sunan kowane abu da ya zuba.

Ba ina cewa nan ta fi gida a komai ba. Mai maganin kirki a gida ya san ka, ya san iyayenka, zai zauna ya ji kukanka, ya ba ka ɗanyen ganye da ya tsinko da hannunsa, in ba ka da kuɗi ya ce je ka kawo daga baya. Nan kuwa ganin likitan ƙoda ko na mafitsara sai ka yi makonni kana jiran rana, in ba larurar gaggawa ba ce. Inshorar lafiya ma, duk da ana cire mana kuɗinta kowane wata, tun 2004 ba ta biya wa manya yawancin magungunan ganye. Likita zai rubuta maka a koriyar takarda, kai za ka biya. Suna da nasu masu maganin gargajiya, Heilpraktiker, su ma daga aljihunka, kuma akwai masu cika baki a cikinsu. Iliminmu na itatuwa bai gaza nasu ba, ni dai na yarda da haka. Abin da ba a yi mana ba shi ne a bi shi ɗaya bayan ɗaya a auna, a ware mai amfani da mai illa.

Wani abu kuma, tunda ka ambaci yaron maƙwabta mai fitsarin jini. In yana wanka a tafki ko kududdufi, a fara zargin tsagiya. Tsutsa ce, wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851. Ba jiƙon da ke kashe ta, amma ƙwayar firazikwantel tana kashe ta, sau da yawa da sha ɗaya. In aka bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari har ta taɓa ƙoda.

Game da Kawu, ba zan aiko da shayin ba. Na tura maka kuɗin da zan saya da na aikawa, na ɗan ƙara a kai. Ka kai shi asibiti a wannan makon a auna hawan jini da suga, domin su biyun nan ne suka fi kashe ƙoda. A yi gwajin jini na kiriyatinin, wanda ke nuna yadda ƙoda ke aiki, a duba furotin a fitsari, in da hali a ɗauki hoton ƙodar. Kumburin na iya zama daga zuciya ko hanta, gwajin ne zai raba gardama. Kafin nan a dakatar da jiƙe-jiƙen duka, da jiƙon kanwa, da ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen da na san yana sha saboda gwiwarsa. Ku tafi da ragowar sassaƙen a leda ku nuna wa likita, kada ku ji kunya ko tsoron faɗa. Na san Kawu zai ce asibiti cin kuɗi ne; ka ce masa ni na roƙa, kuma an riga an biya. In sakamakon ya fito ka ɗauko mini hotonsa, ranar Lahadi ba na aiki, zan kira mu yi magana da shi.