Hanyar keke ta Legacy tsakanin Banff da Canmore: ta dace da iyali, amma a fara daga Banff

Mafi yawan hanyar Legacy yana cikin gandun dajin Banff, a lardin Alberta na ƙasar Kanada. An buɗe ta a 2010, lokacin da gandun ya cika shekara 125 da kafuwa. Kwalta ce shimfiɗe mai faɗin mita 3, mota ba ta hawa, kuma daga garin Banff zuwa Canmore tafiyar ta ɗan haura kilomita 20. Yaron da ya iya riƙe kan keke ya kuma san taka birki zai iya ta. Mai ƙananan yara sai ya yi hayar keke mai 'yar tirela a baya, shagunan haya suna nan a garuruwan biyu.

Babban kuskuren iyalai shi ne farawa daga Canmore. Banff ya fi Canmore tudu da kimanin mita 70, sannan iskar kwarin galibi daga yamma take kaɗawa. Wanda ya taso daga Banff gangara yake bi, iska kuma na tura shi ta baya. Wanda ya taso daga Canmore kuwa yana fama da hawa, iska na dukan ƙirjinsa, kafin a kai rabi yaro ya fara jan ƙafa yana tambayar saura nawa. A ware awa biyu zuwa uku idan da yara, har da hutu.

Kallo kam sai wanda ya gani. Dutsen Cascade yana tsaye a kanka tun daga fita gari, dutsen Rundle ya miƙe ta dama kamar katanga har kusan ƙarshen tafiya, sai kawunan duwatsun nan uku na Three Sisters su bayyana idan an doshi Canmore. Wuraren hutu biyu ne suka fi amfani: Cascade Ponds kusa da Banff, mai ciyawa da teburan cin abinci a bakin ruwa, da Valleyview wajen tsakiyar hanya, inda akwai banɗaki.

Aibin hanyar a fili yake. Mafi yawanta a gefen babban titin Trans-Canada take, ƙarar manyan motoci ba ta yankewa, har uba ya kira ɗansa daga baya yaron bai ji ba. Don haka babba ɗaya ya shige gaba, ɗaya ya tsaya a baya, yara a tsakiya, kowa ya riƙe hannun dama domin masu gudu suna wucewa ta hagu. Inuwa ma kaɗan ce, kuma babu kanti a tsakani. Kowane mutum ya ɗauki aƙalla lita ɗaya ta ruwa, da rigar sanyi mara nauyi, don yanayin duwatsu yana juyawa cikin 'yan mintoci ko da a watan Yuli.

Akwai shingen waya da ke hana namun daji hawa titi. Inda hanyar ta ratsa shingen an shimfiɗa tabarma mai lantarki a ƙasa. Tayar keke roba ce, don haka a wuce a kai ba tare da tsayawa ko sauke ƙafa ba. Yaron da bai ƙware ba ya sauka tun daga nesa, ya tura kekensa ta ƙofar masu tafiya a ƙasa. A faɗa wa yara wannan tun kafin a tashi. Hukumar gandun ta ce a bar tazarar mita 100 tsakanin mutum da beyar (babbar dabbar daji mai haɗari da ake kira bear a Turance), mita 30 kuma ga manyan barewar nan da ake kira elk, waɗanda suka fi faɗa lokacin haihuwa a Mayu da Yuni da lokacin barbara a Satumba. Feshin barkono na korar beyar ya kasance a inda hannu zai kai nan take, kada a binne shi a ƙasan jaka.

Kafin a bar shagon haya a gwada birki biyun, a daidaita sirdi yadda ƙafar yaro za ta taɓa ƙasa, a karɓi famfo da kayan faci. Hular kwano dole ce a Alberta ga duk wanda bai kai shekara 18 ba. Manya suna biyan kuɗin shiga gandun, 'yan shekara 17 zuwa ƙasa kyauta ne.

Komawa Banff, bas ɗin Roam mai lamba 3 yana zirga-zirga tsakanin garuruwan, sai dai kekuna kaɗan yake ɗauka. A ƙarshen mako iyali mai mutum biyar na iya rabuwa gida biyu, ko su jira bas na gaba. Ba a share dusar ƙanƙara a hanyar, don haka lokacin hawanta daga tsakiyar Afrilu ne zuwa tsakiyar Oktoba.