Kayan Sauti Na Farko: Amfilifaya Daban, Sifika Biyu Daban

Duk wanda ya tambaye ni irin kayan sautin da zai fara saya don jin kiɗa a ɗakinsa, alhali kuɗin hannunsa ba su da yawa, amsata ɗaya ce: ƙaramar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika, daban, sifikoki biyu daban. Akwai wasu hanyoyin kuma zan taɓo su, amma ba zan ɓoye inda zuciyata ta karkata ba.

Da kuɗina na koyi wannan. Kayan da na fara saya irin masu ƙatuwar wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, da ƙananan sifikoki biyar ne, ga fitilu ja da shuɗi suna walƙiya, an rubuta wat 5000 a jikin kwalin. Ko shekara bai cika ba amfilifayar da ke cikin wufar ta ƙone. Mai gyara ya kwance ɗaya daga cikin sifikokin a gabana, sai ga shi abin da na ɗauka tuwita ce, wato 'yar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ashe roba ce aka manna don ado, ko waya ba ta zuwa wurin. Maganaɗisun da ke bayan sifikar gaskiyar kuwa bai fi murfin kwalba faɗi ba. Da amfilifayar ta mutu, sai komai ya bi ta. Har yau abin yana min ciwo.

Shi ya sa nake son kayan da aka raba. Sifikar da ba ta da amfilifaya a cikinta ba ta da wani abin lalacewa sosai, idan ba a matsa mata fiye da ƙarfinta ba takan yi shekara 20 tana aiki. Amfilifaya ta samu matsala, ka canza ta ita kaɗai. Hannunka ya buɗe nan gaba, ka sauya ɗaya ka bar ɗaya. Kuma sifika biyu sun isa, domin kusan duk waƙar da za ka saurara a hanya biyu aka haɗa ta, hagu da dama, tsarin da Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya yi wa rajista tun 1931.

Kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi kan sifikokin, su ne ke yanke yadda sautin zai kasance. Ƙananan da ake ɗorawa a kan kanta, masu wufa inci 5 ko 6, sun wadatar da ɗaki madaidaici. Wharfedale Diamond sun daɗe da yin suna a wannan aji, haka ma ELAC Debut da Andrew Jones ya tsara, da Q Acoustics. Ta ɓangaren amfilifaya, Yamaha A-S301 tana ba da wat 60 ga kowace sifika mai om 8 (ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki), wanda ya fi ƙarfin bukatar yawancin ɗakuna. Idan ta yi maka tsada, ƙananan amfilifayoyi na ajin D irin na Fosi Audio da SMSL, da girmansu bai wuce ƙaramin littafi ba, suna aiki mai kyau, ba sa zafi sosai, wasu kuma da Bluetooth suke zuwa.

Ranar da na haɗa nawa na kunna waƙar da na yi shekaru ina ji, muryar mawaƙin ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, inda babu sifika ko ɗaya, ga wani ɗan kiɗa can gefen hagu da ban taɓa sanin yana ciki ba.

Sauran hanyoyin fa? Doguwar sifikar nan ta ƙasan talabijin don fim aka yi ta. Sifikar Bluetooth guda ɗaya ta yawo ce, kuma ranar da batirinta ya gaji ta gama. Wanda kawai zan ɗaga wa ƙafa shi ne sifikoki biyu masu amfilifaya a ciki, irin Edifier R1280, ga wanda tebur kaɗai yake da shi.

Sai maganar cuta, kuma a nan nake so ka tsaya. Duk wat ɗin da ka ga an rubuta PMPO a gefensa, ka watsar da shi, babu wani ma'auni da aka amince da shi a bayan lambar. Abin dubawa shi ne RMS, ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba tare da yankewa ba. Ƙaryar ta tsufa, har hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa doka a kanta a 1974. Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya bayan na'urar ka karanta yawan wutar da take ja. Abin da ke shan wat 60 daga bango ba zai taɓa riƙe wat 5000 ba. Ka kuma sani cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, kuma sai ka ninka shi kusan sau 10 kunne zai ji ƙarar ta ninka. Don haka sifikar da ke fitar da desibel 89 da wat ɗaya ta fi mai fitar da 86 sauƙin tuƙawa da ƙaramar amfilifaya.

Ka karanta sunan kamfanin harafi bayan harafi, masu jabu sukan canza harafi ɗaya tak. Ka ɗaga sifikar ka ji nauyinta, ka ƙwanƙwasa jikinta. Idan ta yi amon fanko, katakon siriri ne. Ka kai kunnenka bakin tuwita yayin da kiɗa ke tafiya a hankali, ka tabbata tana fitar da sauti. A Amurka da Turai akwai tsohuwar damfara ta masu sayar da sifika daga bayan farar mota, suna cewa kaya ne masu tsada da suka yi rara. Yanzu ta koma intanet, da sunaye masu kama da na manyan kamfanoni da ragin farashi da hankali ba zai ɗauka ba.

Na hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma nan alherin yake, amma ka duba zoben soson da ke gefen wufa, yakan ruɓe da tsufa. Ka danna tsakiyarta a hankali da yatsu, idan ka ji tana gogar wani abu a ciki, bar ta. Kada kuma a ruɗe ka da kebul mai tsada. Wayar jan ƙarfe mai ɗan kauri ta isa, sai dai ka kankare bakinta, in ka ga fari a ciki alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Idan za ka gwada kafin ka biya, tafi da waƙa biyu ko uku da ka haddace, ka saurara a ƙarar da za ka riƙa ji a gida. A ɗaki kuma ka janye sifikokin kaɗan daga bango, tuwita daidai tsayin kunnenka, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa inda kake zama.